Askin da Inna Ba Ta Taɓa Gamawa Ba

Tun da idon Inna ya tafi, hannunta ya karɓi aikin. Duk wanda ya shigo ɗakinta sai ya durƙusa gaban kujerarta ya miƙa mata kai, ita kuma ta ɗora tafin hannunta na hagu ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, sannan ta faɗi ko wane ne. Murya ta daina yi mata amfani, domin bayan ido tunani ma ya fara zamewa, muryoyi duk sun cakuɗe mata. Yaya, babbar 'yarta da ke jinyarta, tana gane ta da kitsonta mai tsauri da wani ɗan ƙulli bayan kunne. Jikoki tana gane su ɗaya bayan ɗaya, har ta tona asirin wanda bai yi wanka ba. Hatta ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ranar Laraba ta samu wuri a hannun Inna.

Mutum ɗaya ne hannun ya ƙi sani, shi ne autanta. Direba ake ce masa, don bas yake tuƙawa a cikin gari. Shekararsa arba'in da shida, kuma ashirin daga cikinsu ya yi su ne da kai a aske ƙwal, kowace Asabar, har kan yana ɗaukar hasken fitila. In ya durƙusa, Inna takan shafa, hannunta ya zame bai samu abin kamawa ba. Sai ta janye shi, ta gyara mayafinta, ta gaishe shi gaisuwar baƙo: ya iyali, ya aiki, ya gajiya. Daga nan ta tambaye shi cikin ladabi ko a hanyarsa ya ga autanta, wani yaro mara zama wuri ɗaya, ya fita tun safe bai dawo ba.

Ya gwada duk abin da mutum zai gwada. Ya faɗa mata sunansa, ta ce suna mai kyau, ɗanta ma haka sunansa. Ya tuna mata ranar da ya faɗo daga kan katanga, ta yi mamakin yadda labarin ya kai har wurin baƙi. Yakan fito daga ɗakin yana murmushi saboda yara, ya shiga bayan gida ya buɗe famfo don kada a ji shi. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma bai iya ɓoyewa ba.

Yaya ce ta faɗi gaskiyar, a irin yadda ta saba faɗin gaskiya, tana wanke kofuna ba tare da ta waiwayo ba. Ta ce shi ma da wannan kan nasa kamar bayan cokali, me yake so baiwar Allah ta kama? Tun yana ƙarami Inna ce ke yi masa aski da almakashin ɗinkinta, kuma kan da ta sani mai gashi ne, har da wani tsiro a tsakiya da ke miƙewa ko an danne shi da ruwa, wanda saboda shi take kiransa Zakara.

Direba ya ajiye reza. Mako bakwai ya yi yana tara suma, abokan aiki suna tambayarsa ko uwargida ce ta kulle masa kayan aski. Da ta taru ya tafi shagon da ya saba, inda matasa uku ke aski da mashin, waƙa na tashi, kowa na sauri. Ba a yi minti goma ba aka gama da shi. An bi kan nan an daidaita shi tsaf, ko'ina tsawo ɗaya, an ja masa layi a goshi kamar da ma'auni. Irin askin nan ne da za a ɗora wa mutum dubu ya zauna musu daidai, kuma abin da ke damun sa ke nan. Inna ta shafa sau biyu, kamar mai duba sabuwar darduma, ta ce, "Sannu, bawan Allah."

Ranar Laraba ma'aikaciyar jinya ta same shi zaune a bakin ƙofa. Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce abin da ya fita daga kan Inna ba ya dawowa, kuma wanda ya rage raguwa yake yi kowane wata. Ko a makon jiya jikoki biyu sun ɓace mata. In yana da abin da zai gwada, ya gwada da wuri. Sannan ta ce akwai wani tsoho da mahaifinta ke zuwa wurinsa, a layin masu gyaran takalmi, ana ce masa Mai Almakashi. Ba ta san ko zai iya wani abu ba, amma ta san bai taɓa yi wa mutum biyu aski iri ɗaya ba.

Sai da Direba ya ƙara jiran mako shida kafin suma ta sake taruwa, yana ƙirga kwanakin da fargaba. A cikinsu Inna ta manta sunan unguwar da ta yi shekara hamsin a ciki.

Shagon ɗan siriri ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi da gefensa ya fara baƙi, fanka a kashe don kada ta kwantar da gashin mutane. A kan tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, almakasai biyar a jere a kai. Mashin yana nan, amma a cikin aljihun tebur, ƙeya kawai ake share wa da shi. Mai shagon gajere ne mai tumbi, da tabarau mai kauri, ba shi da wata alama ta gwaninta. Da a tasha Direba ya gan shi, da ya ɗauka mai sayar da tikiti ne.

Kafin tsohon ya bar shi ya zauna, sai da ya sa shi ya koma bakin ƙofa ya tako zuwa kujera sau biyu, yana kallon yadda yake riƙe wuyansa. Sannan ya saurari labarin duka bai katse shi ba, bai kuma ce wayyo ba. Da Direba ya gama, tsohon ya jiƙa hannuwansa a kwano, ya cire tabarau, ya rufe ido, ya sa yatsu cikin sumar. Ya daɗe yana bi a hankali. Ya ce yawancin mutane wuri ɗaya gashinsu ke murɗawa a tsakiyar kai, shi kuwa nasa biyu ne, kusa da juna, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu. Inda suka yi karo, gashin ba shi da wurin kwanciya, dole ya miƙe. Zakaran ke nan. Sai dai akwai matsala, ya ce, yana danna wurin da ɗan yatsa: sanƙo ya fara leƙowa daidai nan, abin da ya rage bai kai rabin na da ba.

Direba ya tambaya ko shi ke nan.

Sai tsohon ya shiga jero tambayoyi. Da wane hannu take riƙe almakashi? Hagu, Inna bahaguwa ce. Almakashin na bahago ne ko na kowa? Na kowa, babba, na yankan yadi. A kujera take zaunar da shi? A'a, a ƙasa, tsakanin gwiwoyinta, ita tana kan kujerar keken ɗinki. Ƙofa tana wane gefe? Direba ya lalubo a ransa, ya ce dama. Daga ina take farawa? Daga hagu, ta bi ta tsakiya. Yana zama har ta gama?

Nan Direba ya yi dariya, karo na farko a cikin watanni. Ya ce ai bai taɓa zama an gama ba. Abokan wasa na kira daga waje, shi kuma yana ta karkata kai wajen ƙofa, da ya ji gwiwarta ta ɗan saki sai ya zille, ta bi shi da faɗa har bakin titi.

"Je ka kawo mini almakashin nan," in ji tsohon. "Gobe da safe, kafin mutane."

Yaya ta ciro shi daga aljihun keken ɗinki, a naɗe cikin tsumma. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, fentin hannunsa ya goge daidai inda babban yatsan Inna ke zama. Washegari Mai Almakashi ya karɓe shi da hannu biyu. Bai wasa shi ba, ɗigon mai kawai ya sa a mahaɗarsa. Shi ba bahago ba ne, amma ya zura yatsun hagu a ciki, ya ɗebi gashin da ya share jiya ya ajiye, ya yi ta yanka yana duba bakin yankan a hasken ƙofa. Ya nuna wa Direba: almakashin dama in ya shiga hannun hagu, bakinsa yakan ɗan buɗe, sai ya lanƙwasa gashin kafin ya yanke. Don haka kowane yanka a karkace yake fita, wani zare ya fi wani tsawo. Ya ce abin da hannun mahaifiyarsa ya yi shekaru yana shafawa ke nan, kuma mashin ba zai taɓa haifar da shi ba.

Daga nan ya yi abin da Direba bai zata ba. Ya juya kujerar aski yadda ƙofa za ta koma dama, ya hau ya zauna a kai shi da kansa, ya nuna ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Direba ya dubi titi. Mai gyaran takalmi ya riga ya ajiye guduma ya zuba ido. Ƙato mai furfura a gemu, da rigar aiki, a ce ya zauna a ƙasa kamar wanda za a yi wa tsifa! Ya zauna dai, ya naɗe ƙafafu. Gwiwoyin tsohon suka matse kafaɗunsa.

Aka fara daga hagu. Ba a kwance yake yanka ba yadda ake yanka yadi. Yakan tsinci 'yar suma tsakanin yatsu biyu, ya ɗan murɗa ta, ya shigar da tsinin almakashi daga sama ya ɗan cije, ya saki. Wani wurin ya shiga da zurfi, wani wurin baki kawai ya taɓa. Bayan kowane yanka huɗu ko biyar sai ya ɗora tafin hannu ya danna, ya ɗaga a hankali, yana jin yadda gashin ke biyo hannunsa. In bai biyo yadda yake so ba, ya koma ƙarƙashi ya rage wasu. Yana aiki yana magana ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake. Ya ce gajeren gashi shi ke tallafe dogo. In duk tsawonsu ɗaya, tare suke kwanciya su mutu, amma in aka bar gajeru a ƙasa, dogayen sai su tsaya a kansu, a danna su tashi, a juya kai su motsa.

Direba ya daina jin maganar tun can. Ƙarar almakashin ce ta kama shi, ƙaras, ƙaras, mai nauyi, da ɗan jinkiri a ƙarshe inda ƙarfen ke gogar juna. Sai gindin almakashin ya taɓa saman kunnensa, da sanyi, daidai wurin da yake taɓawa shekara arba'in da suka wuce. Ya ji warin man keke da sabon yadi a shagon da babu ko ɗaya. Ya rasa yadda mutumin da bai taɓa ganin Inna ba ya samo hannunta daga tambaya shida da guntun ƙarfe. Tsoro-tsoro ya ji, irin wanda mutum ke ji in ya ga aiki ya wuce inda ya ɗauka aiki ke tsayawa.

Tsakiyar kai ita ta ci lokaci. Nan tsohon ya ajiye babban almakashi ya ɗauki wani ƙarami mai haƙora kamar mataji, ya shiga da shi ƙarƙashin sumar da ke kewaye da wurin da ya yi sanƙo, sau biyu kacal a kowane gefe. Sannan ya riƙa rage kewayen kaɗan-kaɗan, yana gangarowa, don abin da ya rage a tsakiya ya zama shi ne mafi tsawo. 'Yan zaren da suka tsira bai taɓa bakinsu ba. Gajeru ya yanka musu a gindi, ta dama da ta hagu, kowanne yana tura su ta inda gashin ke murɗawa. Ya danna da hannu. Ya ɗaga. Direba ya ji wani abu a tsakiyar kansa ya miƙe da kansa, abin da ya manta jikinsa ya taɓa yi.

Babban almakashin ya dawo, ya gangara gefen dama, ya yi yanka uku, huɗu. Ba tare da ya sani ba Direba ya karkata kai wajen ƙofa, inda wata mota ta yi oda. Sai ƙarar ta tsaya. Gwiwoyin da ke matse da shi suka saki.

"Tashi," in ji tsohon.

Direba ya taɓa bayan kunnensa na dama, ya ji suma cunkus ba a taɓa ta ba. Ya ce, "Baba, ai ba a gama nan ba."

"Ita ta taɓa gamawa? A nan kake gudu. Tashi ka gudu."

Ya tashi ya tsaya gaban madubi. A ido, askin ba ya cikin waɗanda ake liƙa hotonsu a bango. Hagu ya fi dama gajarta, bayan kunne ɗaya an bar shi, tsakiya ga wani ɗan tsiro mai furfura ya miƙe abinsa. Amma da ya juya kai sai ya ga haske na yawo a cikin sumar, wani wuri ya yi duhu wani ya buɗe, duk kan yana motsi kamar mai numfashi. Bai taɓa ganin kansa da rai haka ba.

Tsohon yana naɗe almakashin cikin tsummansa ya ce kada ya taje, kada ya shafa mai, kada ya sa hula. Kuma ya sani gashi ba ya jira: kwana goma, in ya yi yawa sha biyu, gajerun za su kamo dogayen, zakaran ya kwanta. In ya kwanta ya dawo da almakashin. Ya ƙara da cewa shi kai kawai ya gyara, abin da ke cikin kan mahaifiyarsa ba shi da iko da shi, don haka kada ya tafi da alkawarin da ba a yi masa ba.

Direba bai hau mota ba, don kada ya jingina kai da wani abu. Da ƙafa ya tafi, almakashi a aljihu yana bugun cinyarsa, yana kauce wa rumfuna da rassan bishiya kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Hantsi ya yi sosai lokacin da ya isa.

Yaya na shanya a tsakar gida. Ta gan shi ta fashe da dariya, ta ce wane mugun ne ya yi masa wannan aika-aika. Sai dariyar ta tsaya. Ta matso, ta zagaya bayansa, ta ga gefen da aka bari. Ta sa gefen zaninta ta toshe baki, ta nuna masa ƙofar ɗakin da kai.

Inna na kan kujerarta kusa da taga, an gama ba ta shayi, hannuwanta a kan cinya. Ya yi sallama ta amsa, irin amsar da take yi wa kowa. Ya durƙusa. Ya miƙa kai.

Hannun hagu ya sauka a goshinsa, ya fara tafiyar da ya saba. Ya hau, ya bi gefen hagu, ya rage sauri. Yatsun suka buɗe suka shiga cikin sumar, abin da ba su taɓa yi ba a duk zuwansa. Suka kai tsakiya. Ta danna da tafin hannu, ta ɗaga, tsiron ya biyo ta. Ta sake dannawa, da ɗan ƙarfi wannan karon, ya sake tashi. Bakinta ya motsa ba sauti. Hannun ya gangara dama da sauri, kamar wanda ya san abin da zai tarar, ya cafki sumar da ke bayan kunne ya riƙe.

"Zakara," ta ce. "Don ƙaniyarka, ina ka shiga tun safe?"

Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Dubi nan. Ka ga abin da nake faɗa? Kullum sai ka bar ni da rabin aiki, mutane su ce uwarka ba ta iya aski ba." Ta ja kunnen kaɗan, ta juya shi da hannu ɗaya, shi kuma ya bi, ya zauna a ƙasa ya ba ta baya. Gwiwoyinta marasa nauyi suka matso suka kama kafaɗunsa. Ta ɗaga murya ta ce wa Yaya ta miƙo mata almakashi.

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, fuska jiƙe. Ta dubi ƙaninta. Almakashin na aljihunsa, kuma su biyun sun san hannun Inna yanzu ko kofi ba ya riƙewa sai an tallafa. Ta share ido ta ce, "Ana nemowa, Inna. Ki riƙe shi kar ya gudu."

"Ina riƙe da shi," in ji Inna. Yatsunta na cikin gashinsa, suna danna tsiron suna saki, suna danna suna saki. "Zauna nan. Kar ka motsa."

A waje wata mota ta yi oda, yara suna kiran juna a titi, ƙofa a buɗe take a damansa. Gwiwoyin da ke riƙe da shi ko ɗan yaye zai iya ture su. Direba ya sunkuyar da kai yadda hannunta zai kai ko'ina, ya zauna, bai motsa ba.